Doki ba linzami, ba ƙaimi: asiri ne ko horo?

Da zarar Sallah ta ƙarato, masu dawaki sun fara kilisa da yamma a bayan gari, sai wata tsohuwar gardama ta dawo majalisu da shafukan Facebook da TikTok. Wani zai ɗora bidiyon wani mutum a wata ƙasa yana sukuwa a kan doki ba sirdi ba linzami, ya tsayar da shi cak bai ja komai ba, ya sauka ya yi tafiyarsa dokin na biye da shi. Nan take sai jama'a su rabu. Wasu su ce asiri ne. Wasu su ce an ɗura wa dabbar magani ne jikinta ya mutu. Wasu su ce ƙauna ce kawai, in ka so doki zai so ka. Tsofaffin mahaya kuwa cewa suke yi dokinsu ba irin namu ba ne: ingarman da ya ƙoshi da gero da kanwa, ka cire masa linzami a gaban 'yan bindiga, sai dai a zo a kwashe ka.

To me ke sa dabbar da ta ninka mutum nauyi sau huɗu ko biyar ta amince masa har ta bi umarninsa ba da tilas ba? Kuma wane ɓangare na wannan ilimi ne zai yi aiki a bargar Kano ko Katsina ko Damagaram?

Asalin wannan salon horo

Abin da ake gani a waɗannan bidiyoyi ana kiransa horon doki bisa ɗabi'arsa. Manufarsa a taƙaice ita ce a koya wa doki aiki ta hanyar da shi kansa yake koyo, maimakon a karya shi da duka da yunwa da ɗauri har ya sallama.

Ba sabon tunani ba ne. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani jarumin Girka mai suna Xenophon ya rubuta cewa kada a hori doki cikin fushi, kuma abin da doki ya yi bisa tilas ba ya yin kyau. Amma salon da ya bazu a duniya yau ya taso ne daga makiyayan shanu na yammacin Amurka, musamman wasu 'yan'uwa biyu, Tom Dorrance da yayansa Bill Dorrance, da kuma Ray Hunt wanda ya koya wurin Tom ya kuma zaga yana karantarwa har rasuwarsa a 2009. Ray Hunt ne ya shahara da ƙa'idar nan ta cewa a sauƙaƙa wa doki abin da ake so ya yi, a wahalar masa da wanda ba a so. Daga baya wani mai horon doki, Pat Parelli, ya tsara abin darasi-darasi ya mayar da shi kasuwa, Monty Roberts kuma ya yi suna bayan Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta gayyace shi fadarta ta Windsor a 1989 ya nuna yadda yake ɗora wa dukushin da ba a taɓa hawa ba sirdi da mahayi cikin kusan rabin awa.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun nan: a ɗabi'ar doki babu ɗaukar mutum a baya. Duk hawa koyarwa ce. Bambancin yana ga yadda aka koyar.

Yadda doki ke ganin duniya

Doki dabba ce da ake farauta, ba mai farauta ba. Makaminsa na farko gudu ne, tunani yana zuwa daga baya. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai wurare biyu: dab da goshinsa da ƙarƙashin hancinsa, da kuma bayan wutsiyarsa. Shi ya sa wanda ya miƙo hannu kai tsaye zuwa goshin baƙon doki yakan ga ya fizge kai, wanda kuma ya ɓullo ta baya ba sallama yakan sha harbi. Wurin da ya dace a tunkare shi kafaɗa ce, daga gefe, ana yi masa magana.

Abin da ya saba gani da idon hagu, in ya bayyana ta dama yana iya razana shi kamar bai taɓa gani ba. Don haka duk darasin da aka yi ta gefe ɗaya sai an maimaita ta ɗayan. Masu dawaki da yawa komai ta hagu suke yi, ɗaura sirdi, hawa, sauka, ja, sannan su yi mamakin dokin da ke zabura in yaro ya taho ta damansa.

Yana kuma karanta jikin mutum fiye da yadda muke zato. A Suwidin, a 2009, Linda Keeling da abokan aikinta sun gaya wa masu jan dawaki da mahaya cewa a zagaye na huɗu za a buɗe lema a gabansu. Ba a buɗe ba. Amma bugun zuciyar mutanen ya hau saboda fargaba, na dawakin ma ya hau tare da nasu. A Jami'ar Sussex ta Ingila kuma an nuna a 2016 cewa dawaki na bambance fuskar mutum mai fushi da mai fara'a ko a hoto ne. Mahayin da ya matse cinyoyi, ya riƙe numfashi, ya ɗame linzami don ya hango mai kalangu a gaba, shi da kansa ya gaya wa dokin cewa akwai abin tsoro.

Alamomin da mai horo ke kallo ba ɓoyayyu ba ne. Kai ya ɗaga sama, wuya ya sandare, farin ido ya fito, hanci ya buɗe, baki ya ƙulle, wutsiya ta manne ko tana kaɗawa da ƙarfi: dokin a tsorace yake, kuma a wannan hali ba ya koyon komai sai hanyar tsira. Kai ya sauko, leɓe ya saki, yana ƙifta ido, ya sauke dogon numfashi, ya jingine ƙafar baya ɗaya: yanzu za a iya magana da shi.

Matsi da saki: inda duk sirrin yake

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma nan ne aka fi kuskure.

Kusan duk umarnin da ake ba doki matsi ne. Jan ragama matsi ne a hanci da ƙeya, linzami matsi ne a baki, dunduniya matsi ce a haƙarƙari. Doki ba ya son matsi, don haka zai gwada abubuwa don ya rabu da shi: ya ja baya, ya ɗaga kai, ya karkace, ya matsa gaba. Duk abin da yake yi a daidai lokacin da matsin ya ɗauke, shi ne zai riƙe a matsayin amsa. Ma'ana ba ja ne ke koyar da doki ba, saki ne.

A ɗauki misalin dukushin da ake koya wa bin ragama. Ka ja igiya a hankali ka riƙe. Ya turje, ya jingina baya. Ba za ka ƙara fizga ba, ba kuma za ka saki ba, riƙewa za ka yi daidai yadda take. Can sai ya ɗan karkato nauyinsa gaba, ko ƙafa bai ɗaga ba. A wannan daƙiƙar za ka saki igiyar ta yi lako-lako. Ka bar shi ya huta daƙiƙa 10 zuwa 20, ka sake. A karo na biyar ko na goma zai ɗaga ƙafa tun igiyar ba ta gama miƙewa ba.

Yanzu a juya misalin. Ka ja, ya turje, ya miƙe tsaye da ƙafafun baya, ka tsorata ka saki. Ka koya masa cewa miƙewa ce ke kawar da matsi, kuma gobe zai yi ta da wuri. Ko kuma ya matso gaba yadda kake so amma ka ci gaba da ja har bakin ƙofa. Ka koya masa cewa biyayya ba ta da amfani, daga nan sai ya daina kula da ragama. Mafi yawan dawakin da ake ce wa masu taurin baki haka aka yi su: hannun da ba ya saki.

Lokacin sakin bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. In ka makara da daƙiƙa uku, dokin ya riga ya yi wani abu dabam, kuma shi ka saka wa.

Abu na biyu shi ne a fara da matsi mafi sauƙi kullum, a ƙara a hankali. Masu bin tsarin Parelli suna kasa shi huɗu: taɓa gashi, taɓa fata, danna tsoka, danna har ƙashi, da ɗan jinkiri na daƙiƙa biyu ko uku tsakanin kowane mataki. Tun da a kullum matakin farko ne ke riga sauran zuwa, doki yakan gane cewa in ya amsa shi ya huta da ragowar. Haka ake samun dokin da ke juyawa da nauyin zaman mahayi kawai, wanda masu kallo ke cewa asiri ne. Wanda ya fara da ƙaimi kuwa bai bar wa kansa wata murya ƙasa da ƙaimi ba.

To ina yarda a cikin wannan? Nan take. Yarda a wurin doki ita ce ya san abin da zai biyo baya: alama kaza tana nufin kaza yau da gobe da jibi, in ya amsa za a ƙyale shi, kuma ba za a far masa haka kawai ba. Mutumin da yau ya bar doki ya goga kai a jikinsa yana dariya, gobe ya zabga masa mari don ya ɓata masa babbar riga, bai yi masa adalci ba, ko da kuwa yana ba shi dawa buhu-buhu.

Aikin ƙasa kafin a taka likkafa

Kayan aikin ba su da tsada: ragama mai laushi da ta zauna kamar yatsu biyu ƙasa da ƙashin kunci, igiya mai tsawon mita 3 da rabi zuwa 4, da sanda siririya da ta kai mita ɗaya da ɗan kai, wadda aikinta ƙara tsawon hannu ne ba duka ba. Fili ya zama mai yashi ko ƙasa mai laushi, ba ƙusa ba kwalba, kuma ba taron 'yan kallo. Kada a taɓa naɗe igiya a hannu. Yatsu da yawa sun tafi ta haka.

Ana farawa da kamu. In doki na gudu in ya ga ragama, kada a ritsa shi a lungu. Ka tunkare shi a karkace, da ka ga ya ɗaga kai zai tafi sai ka tsaya, ka ja da baya taku ɗaya tun bai motsa ba. Ka sake matsowa. Wani lokaci ka kama shi, ka sosa shi, ka sake shi ba tare da ka sa shi wani aiki ba, don kada ragama ta zama alamar wahala kaɗai. Susar da ya fi so a gindin geza take, kan ƙashin da ya taso tsakanin kafaɗu, wurin da dawaki ke sosa wa junansu da haƙora. An auna an ga susa a nan tana rage bugun zuciyarsa. Bubbuga wuya da tafin hannu da muke yi da sunan yabo ba ya yi masa daɗi kamar susa.

Daga nan sai taɓa jiki duka, har ciki, kunnuwa, ƙarƙashin wutsiya da ƙafafu. Ƙa'idar ɗaya ce: hannu ya tsaya a iyakar inda ya yarda, a janye lokacin da ya natsu, ba lokacin da ya zabura ba. Wajen ɗaga kofato, a fara da daƙiƙa biyu, kai ne za ka ajiye ƙafar kafin ya ƙwace.

Sai motsi guda biyar da duk hawa ya dogara a kansu: gaba, tsayawa, baya, kawar da ƙirji gefe, kawar da ƙugu gefe. Na ƙarshen ya fi muhimmanci don shi ne birki. Ka tsaya daidai kafaɗarsa, ka ɗan karkato kansa wajenka, ka danna yatsu a haƙarƙari bayan inda majayi ke zama, wurin da dunduniyarka za ta taɓa in ka hau. Abin da kake nema shi ne ƙafar baya ta kusa da kai ta gitta ta gaban ɗayar. Taku ɗaya, ka saki. Dokin da ƙafafun bayansa suka gitta ba ya iya zabura da gudu ko tutsu a wannan lokacin, don ƙarfinsa a baya yake.

Darasi kada ya wuce minti 15 zuwa 20 ga ƙaramin doki. Gara a yi kaɗan kullum da a tara a yi awa uku ranar Lahadi. In ya yi abin daidai sau uku a jere, a bar shi haka.

Bindiga, kakaki da lema

Nan ne wannan ilimi ya fi shafar ƙasar Hausa. Hawan Sallah na Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, na daga wurare mafi wuya da za a kai doki: ƙarar bindigar gargajiya da hayaƙinta, tambura, algaita, kakaki, lema, dubban mutane na ihu, ga wasu ingarmu a matse kafaɗa da kafaɗa. A Hawan Daushe kuma ga jahi, a sako doki da gudu a tsayar da shi dab da jama'a.

Hanyoyi biyu ake bi wajen sabar da doki da abin tsoro, kuma daga nesa sakamakonsu kama yake yi.

Ta farko ita ce a ɗaure shi tamau a turke a yi ta buga ganga a kansa har ya gaji ya daina fizga. Ya daina, amma ba don ya daina tsoro ba. Ya gane ne cewa ba mafita. Irin wannan doki yakan tsaya ƙiƙam, ido a kafe ba ƙiftawa, numfashi sama-sama, jama'a na yabon haƙurinsa. Ranar da ya ga ƙofa a buɗe, tsoron da ya tara zai fito gaba ɗaya, galibi a tsakiyar taro.

Ta biyu ita ce kusanta da janyewa. Mai ganga ya tsaya nesa, mita 50 ko fiye, inda dokin zai ɗaga kunne amma ƙafafunsa ba za su motsa ba. A buga kaɗan. In ya tsaya, a yi shiru: shirun ne ladansa. A matso taku biyar a sake. In ya fara rawar ƙafa, an yi gaggawa, a koma inda ya natsu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina bugu a daidai lokacin da ya zabura, wanda ke koya masa cewa zabura ce ke kashe ƙara. Abin yi shi ne a rage ƙarfin bugun, a ci gaba a hankali har ya tsaya, sannan a daina.

Akwai dabaru biyu da ke gaggauta aikin. Ɗaya, a sa abin tsoron ya riƙa gudun dokin: mai lema ko mai babur ya yi gaba, a ja dokin yana bin sa. Abin da ke guje masa ba ya zama maƙiyi a idonsa. Biyu, a haɗa shi da tsohon dokin da ya sha hawa, don natsuwar ɗan'uwa tana kama shi. Bindiga ita ce ta ƙarshe, daga nesa sosai, yana cin abinci. Wannan aiki na makonni ne. Wanda ya sayo doki daga ƙauye saura kwana biyar Sallah ya tura shi cikin tawaga, ransa da na 'yan kallo ya sa a caca.

Sirdi, hawan farko da maganar linzami

Ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Ana iya fara masa hawa mai sauƙi yana shekara 3, amma ɗora wa ɗan shekara 2 ƙaton mutum da cikakken kayan ado zalunci ne da zai bayyana a bayansa daga baya. Ƙiyasin da masana suka fi amfani da shi shi ne mahayi da sirdi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Dokin kilo 350 ke nan kilo 70.

Kafin sirdi, a saba masa da igiya a zagaye da ƙirjinsa, ana matsawa ana saki. Majayi kuma a ɗaure shi sau uku: sako-sako, a ja dokin ya taka, a ƙara, a sake takawa, a ƙarasa. Dokin da ke cizo ko kumbura ciki in ya ga sirdi, yawanci an sha ɗame shi lokaci guda ne. A hawan farko a jingina ciki a kan sirdi a sauka, ta hagu da ta dama, sau da yawa, kafin a ƙetara ƙafa. Kada a bar shi ya taka sai an ce ya taka.

Linzamin gargajiya mai zobe a haɓa da ƙarfen da ke tashi ya bugi ganɗa kayan aiki ne mai ƙarfin gaske, an yi shi ne don mayaƙin da ke riƙe da takobi ko mashi a hannu ɗaya yana buƙatar tsayawa nan take. Jan da bai kai komai ba a hannu yakan ninka a bakin doki. Jini a baki, harshe a waje, wangale baki da wurga kai sama duk shaidar hannu ce, ba ado ba.

Makiyayan Kalifoniya na dā su ma suna da linzami mai tsanani irin wannan, amma ba sa sa wa doki shi sai bayan shekaru yana aiki da ragamar fata a hanci, har ya iya komai da alama mai sauƙi. A lokacin linzamin ya zama abin sanarwa, motsin yatsa ya isa. Wannan tsari ya fi dacewa da mu fiye da kiran a yar da linzami gaba ɗaya. A koya tsayawa da ragama a ƙasa, a koya da ragama a kan baya a fili killatacce, a koma linzami mai sauƙi, sannan na ado ya zo a ƙarshe a hannun da ya san saki. Tsarin tsayawa kuwa kullum ɗaya ne: mahayi ya zauna da nauyinsa ya sauke numfashi, ya yi muryar da ya saba, sannan hannu. Hawa ba linzami a cikin taro ganganci ne. Masu yin sa a bidiyo sun shafe shekaru, kuma a fili mai shinge suke.

Inda masana suka saɓa

Masu wannan salo sun daɗe suna cewa dole mutum ya zama shugaban garke a idon doki. A kan haka Monty Roberts ya gina dabararsa ta kora doki a zagayayyen shinge mai faɗin mita 15 ko fiye har ya sunkuyar da kai, yana lasar baki, sannan a juya masa kafaɗa ya biyo.

Masana kimiyyar hawa, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a 2007, irin su Andrew McLean da Paul McGreevy na Ostareliya, sun ce dabarar tana aiki amma fassarar ba daidai ba ce. A 2012 Cath Henshall ta Jami'ar Sydney ta yi irin wannan kora da motar wasan yara mai rimot, tana tsayar da ita duk lokacin da doki ya juyo, har dawakin suka riƙa tunkarar motar. Ba wanda zai ce sun ɗauke ta shugaba. Matsi da saki ne dai. A Jamus, Konstanze Krüger ta ga cewa dawakin da ke bin mutum a cikin shinge ba sa bin sa in an sake su a makiyaya. Binciken da aka yi wa garken dawakin daji da ake kira Przewalski a Faransa kuma ya nuna ba doki ɗaya ne ke jan garke kullum ba. Lasar baki ma, a wurin waɗannan masana, alama ce ta yawu ya dawo bayan tsoro ya busar da baki.

Hujjar masanan ta fi ƙarfi, kuma bambancin ba na baki ba ne kawai. Wanda ya yarda cewa dokinsa na neman raina shi ne, hukunci zai yi. Wanda ya gane cewa dokin bai fahimta ba, ko yana tsoro, ko yana jin ciwo, sai ya binciki kansa. Kora a shinge a hannun wanda bai iya ba takan zama gudun minti 40 cikin rana, doki ya jiƙe sharkaf, ya koyi gudun mutum. Sai dai kada a tauye wa su Dorrance haƙƙinsu: sun iya lokacin saki tun kafin masu bincike su auna shi, kuma sun raba dawaki masu yawa da duka.

Akwai kuma saɓani kan lada da abinci. Wasu na cewa yana koya cizo. Yana koyarwa in an ba doki lokacin da yake cusa baki a aljihu. In ba a ba shi sai ya kawar da kai ya tsaya, ɗan dusa ko guntun rake na sa ya koyi abu da sauri, musamman wajen allura, ba da magani da shiga mota.

Ciwo da yunwa ba taurin kai ba ne

Ba horon da zai gyara dokin da ke jin ciwo. Likitar dawaki Sue Dyson ta Ingila ta tsara alamomi 24 da ake gani a dokin da ake hawa, kamar maƙale kunnuwa baya, wangale baki, kaɗa wutsiya ba tsayawa, tuntuɓe, ƙin tafiya da tutsu. Ta nuna cewa in 8 ko fiye suka haɗu, da wuya a rasa ciwo a ƙafa ko baya.

Don haka dokin da halinsa ya canza kwatsam, a fara da jikinsa. A cire sirdi a shafa bayansa da yatsu: in ya lotsa ko ya maƙale kunne, akwai matsala. Farin gashi a inda sirdi ke zama tabon tsohon matsi ne. Tsakanin ƙwaryar sirdi da ƙashin kafaɗa a samu sararin yatsu biyu zuwa uku bayan mahayi ya zauna. Haƙoran doki na ci gaba da fitowa, gefensu na yin kaifi yana yankan kunci, don haka a duba su sau ɗaya a shekara. Kofato a gyara shi duk mako 6 zuwa 8.

Sai ciki. An halicci doki ya yi kiwo awa 14 zuwa 16 a rana, tumbinsa ƙarami ne kuma yana zubo ruwan narkar da abinci ko da ba komai a ciki. Yana buƙatar busasshiyar ciyawa ko harawa da ta kai aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato sama da kilo 5 ga dokin kilo 350, da ruwa lita 25 zuwa 45, fiye da haka a watannin bazara. Dokin da ke wuni a turke da dabaibayi, ana cika shi da hatsi, ciyawa kaɗan, ba ya ganin ɗan'uwansa, ba a fita da shi sai Juma'a, dole ya yi hauka ranar da aka kwance shi. Maganinsa a rage hatsi, a ƙara harawa, a fita da shi kullum ko da ja ne na rabin awa.

Abin da zai canza ga mai doki da mai haya

Ga mai kiwon dawaki don sayarwa ko haya, lissafin a fili yake. Dokin da yaro zai kama, ya tsaya a ɗaura masa kaya, ya wuce 'yan bindiga bai firgita ba, ya fi wanda sai mutum uku sun danne shi daraja a kasuwa, kuma ya fi daɗewa yana aiki don bakinsa da bayansa ba su lalace ba. Abin da za a kashe lokaci ne, ba kuɗi ba.

Wahalar tana ga yawan hannaye. A gidajen sarauta da na masu hali, mai doki dabam, yaron barga dabam, zagi dabam, ranar hawa kuma a ba baƙo. In kowa da irin alamarsa, dokin ba zai san wadda zai bi ba. Ya kamata duk mai taɓa shi su daidaita a kan kalmar tafiya, kalmar tsayawa, da abin da aka hana, kuma yaron barga da ke tare da shi safe da yamma shi ya fi cancanta a fara koya wa, don a hannunsa halin dokin yake ginuwa.

Mai karɓar haya don angwanci ko hawan Sallah ya je kwana biyu ko uku kafin ranar, ya ja dokin a ƙasa, ya tsayar da shi, ya mayar da shi baya, ya duba bakinsa da bayansa, ya tambayi mai shi ko ya taɓa shiga taro. In ba gwani ba ne ya cire ƙaimi, ya bar zagi ya riƙe masa. Duka a fuska kuwa, ban da cewa yana sa doki ƙin yarda a taɓa kansa har a kasa sa masa linzami, Manzon Allah (SAW) ya hana shi a hadisin da Muslim ya ruwaito. Yara ƙanana da ake ɗorawa a kan ingarmu don hoto su ma kada a sake musu linzami a cikin taro, babba ya riƙe ragama daga ƙasa har a sauke su.